Wanda Ya Rufe Mana Rijiyoyi

Kafin kowa ya ɗora wa bawan Allah laifi, bari in fara faɗin nawa da bakina: minti arba'in da biyar na yi a gaban madubi ranar Lahadi. Da na fito a minti goma kamar yadda na ce masa, da duk wannan bai faru ba. To amma ku gaya min tsakaninku da Allah, wace mace ce ta taɓa cewa "ba ni minti goma" ta cika?

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: malamar kimiyya ce ni a makarantar 'yan mata, 'yan aji biyu nake koyarwa. Shekarata ashirin da shida, wanda a lissafin Gwaggo daidai yake da sittin. Mai nemana nas ne a ɗakin yara na asibiti. Ƙanwata Auta ce ta laƙaba masa Mai Allura, sunan kuwa ya bi shi, har Umma in ta sha'afa haka take kiransa.

Wannan zangon na shigo da wani wasan kwamfuta ajina. Gari ne ƙarami a kan allo: gidaje, kasuwa, rijiyoyi huɗu, juji, da 'yan mutane ƙanana kamar tururuwa suna ta zirga-zirga. Ciwon ciki ya ɓarke a garin, duk wanda ya kamu sai ya koma ja. Aikin ɗalibai shi ne su gano abin da ke kawo ciwon. Doka ɗaya ce tal, na rubuta ta da manyan baƙi a saman allon aji: A CANZA ABU ƊAYA, A JIRA, A ƘIRGA. Ka canza abu guda, ka danna maɓallin da ke tura garin gaba da kwana bakwai, ka ƙirga jajaye, ka rubuta.

Sati shida yarana suka yi suna wannan aikin. Abubuwa biyar suka fara zargi. Sun wanke sauro daga zargi, sun wanke juji, sun wanke rashin sabulu. Saura biyu: mai sayar da ƙanƙara, da rijiyar bayan kasuwa. Ranar Litinin za su yi gwajin ƙarshe, kuma a gaban kwamitin makaranta, waɗanda za su yanke hukunci ko dai awa biyun da nake samu a ɗakin kwamfuta su ci gaba, ko a koma kwafar rubutu daga allo har hannu ya ƙage.

A gida kuma wani kwamitin ne ke jirana.

"Juma'a," in ji Gwaggo, tana nuna ni da tsinken sakace. "Juma'ar nan za ki ba mu amsa, eh ko a'a. Yaron nan ya yi wata takwas yana cinye takalminsa a ƙofar gidan nan."

"Gwaggo, ai babur gare shi."

"To tayar babur ɗin! Ji min yarinya da baki."

Umma ba ta cika faɗa ba, kallo take yi. Ta ce, "Ni dai ban ga aibunsa ba. Duk zuwa sai ya auna min jini."

Ni ma ban ga aibunsa ba, wallahi. Ina son shi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne a nan. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Ranar da mahaifiyarsa ta zo gaishe da Umma, ina kicin na ji tana cewa, "Ai na ji wasannin yara take yi da su a kwamfuta. Ba komai, ƙuruciya ce, in ta shiga ɗakinta za ta ajiye." Tun daga ranar nake son sanin ko shi ma haka yake kallon aikina. Na kasa tambaya, don tsoron amsar nake ji.

To, mu dawo Lahadi. Na taho gida da kwamfutar makaranta, wadda garin yake ciki, don in yi mata caji in kuma duba komai. Ina zaune a falo da tsohuwar rigar barcina mai ɓallen maɓalli, kaina ko ɗankwali babu, sai saƙo ya shigo:

"Ina ƙofar gida. Na taso daga aiki na ce bari in ga hasken idona."

Ai ban san lokacin da na tsallake tebur ba. Na ce wa Auta ta shigo da shi ta ba shi ruwa, na rubuta masa "minti goma", na afka ɗaki. Kwamfutar na bari a buɗe a kan kujera.

Doguwar riga ruwan toka na fara sawa, na ga ta mayar da ni kamar mai zuwa ta'aziyya. Na cire. Na sa mai ruwan zuma mai aiki a wuya, mayafinta kuma ya ce bai san zancen ba, sai a ƙarƙashin filon Auta na same shi duk ya yamutse. Na jona dutsen guga. Kwalli ya zarce a ido ɗaya, na goge, na sake. Ɗan kunne ɗaya ya faɗa bayan gado. Ko da na fito ina ƙamshi, na same shi zaune ya naɗe hannu kamar ɗan makaranta mai ladabi, kwamfutar a rufe a gefensa, yana wani murmushi.

"Lafiya kake murmushi kai kaɗai?"

"Ba komai. Gobe ne babbar ranar ko?"

"Gobe ne."

"Za ki ji daɗi," ya ce. "Ki dai ce na faɗa miki."

Ni kuwa na ɗauka addu'a ce. Har "amin" na ce, jama'a!

Litinin da safe na shiga ɗakin kwamfuta tun kafin a buga ƙararrawa. Na share tebura, na ja labule, na gyara majigi ya haska bango sosai. Yara talatin da biyu suka shigo da littattafansu na ƙirge, kowacce farar safarta tas, ko tari babu mai yi. Sai ga kwamiti: Shugabar makaranta a gaba, wata mata mai tabarau da ba ta ɗaga kai daga takardarta, da wani dattijo wakilin iyaye, riƙe da sanda, wanda tun daga bakin ƙofa ya ce, "Nan ne ake wasan?"

Na haɗiye maganar. Na yi bayani na minti uku, muryata ko rawa ba ta yi ba. Na ce, "Yanzu za ku ga garin da mutum arba'in da ɗaya ke kwance ba lafiya." Na buɗe kwamfuta. Garin ya fito a bango.

Kore shar.

Babu ja ko ɗaya. A ƙasan allo an rubuta: marasa lafiya, sifiri.

Na matsa kusa na duba. An rufe rijiyoyi huɗun duka. An kori mai ƙanƙara daga gari. An kwashe juji, an yi feshin sauro, an raba sabulu gida-gida. Duk wani maɓalli da ke cikin wasan an danna shi, a lokaci ɗaya. Shi kuwa wasan nan da kansa yake adana komai, ba a komawa baya. A daidai lokacin wayata ta yi motsi a aljihu, na saci kallo:

"Kin ga bazatar? Kowa ya warke!"

Innalillahi. Garin neman gira an rasa ido. Sati shida na aikin yara, mutumin nan ya share shi kafin in gama goge mayafi. Abin da ya fi ƙona min rai kuma ba ma kwamitin ba ne. A raina cewa na yi: shi ke nan, ga amsar da nake gudu. Abin wasa ya gani a kan kujera, ya ɗauka ya yi wasa da shi.

Dattijo ya gyara zama ya ce, "To ai an gama. Kowa ya warke. Me kuma muka zo gani?"

Matar tabarau ta rubuta wani abu. Shugaba ta kalle ni. Ni kuwa ji nake ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ga hannu a sama. Akwai wata 'yar ƙarama a benci na biyu da duk makarantar ke kira 'Yar Tambaya, don ko sanarwar hutu aka yi sai ta ce "me ya sa?"

"Malama, wa ya taɓa mana gari?"

"Wani ne... ya so ya taimaka."

"To ai bai taimaka ba." Ta miƙe tsaye, ranta a ɓace. "Sun warke, amma ba mu san me ya warkar da su ba. Kuma Malama dubi can, ƙishirwa ta kusa kashe su."

Gaskiya ne. Ma'aunin ƙishirwa da ke gefen allo ya cika taf, 'yan mutanen sun yi dogon layi da bokitai suna fita bayan gari.

Dattijo ya ce, "Ke yarinya, in an warke ina ruwanki da dalili?"

"Baba, in ya dawo baɗi fa? Sai mu sake rufe rijiya huɗu mu zauna ba ruwa?"

Na ce, "To yanzu mene ne abin yi? Ba a komawa baya."

Suka fara ƙus-ƙus. Monita, doguwar yarinya mai sanyin magana da ke zama a baya, ta ce, "Malama, da can muna rufewa ɗaya-ɗaya mu ga ko ciwon zai tafi. Yanzu tunda an rufe duka, sai mu riƙa buɗewa ɗaya-ɗaya mu ga wanne zai dawo da shi."

Wayyo Allah! Ban taɓa koya musu wannan ba. Ko a littafina babu shi. Ji na yi kamar in ruga in rungume ta, sai dai na tuna akwai baƙi. Na ce, "Bismillah, ga kwamfuta." Na koma gefe na naɗe hannu.

Suka fara da rijiyoyi ukun da ba a zargi, ɗaya bayan ɗaya, don mutane su sha ruwa. Duk buɗewa sai a tura kwana bakwai, aji ya ƙirga da ƙarfi. Sifiri. Sifiri. Sifiri.

Dattijo ya buga sandarsa a ƙasa. "Kuna ta wahalar da kanku. Sauro ne! Duk wani ciwo a duniyar nan sauro ne."

'Yar Tambaya ta ɗauki littafinta ta kai masa har gabansa. "Baba, ga shi. Sati na biyu feshi kaɗai muka yi. Kafin feshi mutum talatin da ɗaya, bayan feshi talatin da uku."

Ya zaro tabaransa ya duba, ya duba. "Rubutu ne wannan. Gani ya kori ji. Ku nuna min."

"To Baba, faɗi abin da kake tsammani tukuna. Haka doka take. In mun daina feshi, mutum nawa za su kwanta?"

"Ashirin. Ko sama."

Monita ta rubuta a allo: Hasashen Baba, ashirin. Aka daina feshi. Aka tura kwana bakwai. Yara talatin da biyu suka haɗa baki: "Sifiri!"

Na ɗauka zai ji haushi. Sai kawai ya tuntsire da dariya, ya jawo kujerarsa gaba ƙiiii har Shugaba ta zabura. "Kai! Ashe na daɗe ina zaluntar sauro. To wa ya rage?"

"Mai ƙanƙara da rijiyar kasuwa!"

"Mai ƙanƙaran nan ban yarda da idonsa ba. Ku dawo da shi."

Aka dawo da shi da 'yar kekensa. Kwana bakwai: sifiri. Matar tabarau ta ajiye biro, karon farko na ga ƙwayar idonta.

Saura rijiyar bayan kasuwa. Aji ya ce Baba ya danna da kansa. Ya miƙa wa Shugaba sandarsa ta riƙe masa, ya sa yatsa ɗaya a hankali kamar mai taɓa garwashi. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ɗigo ɗaya ya koma ja a bayan kasuwa. Sai biyu. Sai biyar. Kafin kwana bakwai, goma sha biyu.

Ihun da yaran nan suka yi, sai da malamin lissafi ya leƙo daga ajin da ke kusa. Wasu na tsalle, wasu na dukan benci, ni kaina ban san na tafa ba. Cikin hayaniyar 'Yar Tambaya ta nuna bango: "Ku tsaya! Me ya sa akwai jajaye uku a can ƙarshen gari? Ai ba sa zuwa wannan rijiyar." Suka bi layin da yatsa, sai ga shi hanyar mai ƙanƙara ce. A rijiyar yake ɗiban ruwa. Monita ta ce, "Ashe shi ba shi da laifi, ruwan ne. Da shi muka fara kora yau kamar yadda muka shirya, da mun ga ciwon ya ragu mun ɗora masa."

Dattijo ya karɓi sandarsa ya juya wajen Shugaba. "Awa biyu kika ce suna samu? Wa ya ce ya isa?" Ya dube ni. "Malama, yaushe ne na gaba?"

"Alhamis, Baba."

"A ajiye min kujera. Ta gaba."

Shugaba ta matse min hannu a bakin ƙofa ta ce a hankali, "An bar miki ɗakin kwamfuta har ƙarshen shekara." Da ba don takalmi mai tsini ne a ƙafata ba, da a guje zan zagaye filin makaranta.

Amma fa murna daban, haushi daban. Ina shiga ɗakin malamai na ga saƙonni bakwai. "Ya aka yi?" "Sun yaba?" "Shiru?" "Hasken idona?" Na rubuta masa guda ɗaya: "Wa ya ce ka taɓa min aiki?" Na kashe wayar.

Da aka tashi, ina fitowa na hango shi a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofar makaranta, da farar rigar aikinsa, ko canzawa bai tsaya yi ba. Hular kwanonsa a hannu, fuskar nan duk ta faɗa.

Ban bari ya yi sallama ba. "Sati shida! Yara talatin da biyu! Ka ga abin wasa a kujera ka ce bari ka ɗan taɓa ko? Dama abin da ake faɗa a gidanku ke nan, wasan yara. Ai gara da ka nuna min tun yanzu."

"Wasa?" Ya kalle ni kamar na mare shi. "Ni na ce wasa?"

"To me ka ɗauke shi?"

Ya juya hular a hannunsa. "Ina zaune ina jiranki, sai na ga lambar tana nuna arba'in da ɗaya. Na taɓa wani gida, ya buɗe. Aka rubuta: yarinya, shekara huɗu, kwana uku tana amai. Na taɓa na kusa da shi, shekara biyu. Na ƙirga yara goma sha tara." Ya ɗago ya dube ni. "Daga ɗakin yara na taso ranar, kin sani. A wajenmu in aka kawo yaro a haka, ba ka tsayawa gwada abu ɗaya ka jira kwana bakwai. Duk abin da ke hannunka kake yi, yanzu-yanzu. Na san zane ne. Wallahi na sani. Hannuna ne ya ƙi zama."

Jama'a, duk faɗan da na haddace tun safe, na neme shi na rasa. Wata takwas ina tsoron mutumin nan ya raina aikina, ashe shi ko minti arba'in da biyar ya kasa zama kusa da shi bai ba da magani ba. Idona ya ciko, na yi sauri na juya ina gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

"Na ɓata komai ko?" ya ce.

"Ka ɓata. Yarana suka gyara."

Ya sauke numfashi. Sai kuma ya matso kaɗan, ya rage murya. "To don Allah... mene ne? Tun jiya abin ke cina, ko abincin kirki ban ci ba. Rijiya ce ko? Ko mai ƙanƙaran nan ne? Ni fa jujin nake zargi."

Dariya ta ƙwace min. "Ba a faɗa."

"Haba mana!"

"Doka ce. Mai son sani ya zo ya gwada da kansa. Alhamis, ƙarfe goma. Za ka tsaya a gaban aji ka gaya musu kai ne ka rufe musu rijiyoyi, ka faɗi dalili, sannan su sake buɗe maka sabon gari. Akwai wata 'Yar Tambaya, ka shirya mata."

"A wane benci zan zauna?"

"Na baya. An riga an kama na gaba."

Na isa gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Gwaggo na tsakar gida tana yanke farce, ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan washe bakin fa? An samu amsar Juma'a ne?"

"Gwaggo, ana kan gwaji."

"Gwajin uwar me? Ke dai wannan boko..."

Na shige ɗaki na faɗa kan gado da takalmina, na kunna waya. Amsar Juma'a kam tana bakina, ku ma kun san ta. Saƙonsa na nan yana jirana, na buɗe ina murmushi.

"Na gaya wa Mama duk abin da ya faru. Na kuma gaya mata aikin nan ba za ki ajiye shi ba, ko yanzu ko nan gaba."

Ban gama sauke numfashi ba na biyu ya shigo.

"Yanzu ta ce in tambaye ki, benci na baya yana ɗaukar mutum biyu? Wai sai ta ga wasan da ya hana ɗanta cin abinci da idonta."